Babi Na Shida: Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

A watan Yulin 1994 ma'aikatan United Airlines, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jiragen sama na Amurka, suka wayi gari su ne masu kashi 55 cikin ɗari na kamfanin da suke yi wa aiki. Jaridu suka ɗauka, gwamnatin Bill Clinton ta yi marhabin, masu rajin kare talaka suka ce ga ranar da aka daɗe ana jira ta zo: wanda yake zufa shi ne zai ci ribar zufarsa. Kamfanin da kansa ya riƙa tallata cewa duk wanda ya shiga jirginsa, masu kamfanin ne za su yi masa hidima.

Hannun jarin nan ba kyauta aka ba su ba. Ƙungiyar matuƙan jirgi da ta makanikai sun yarda a zaftare albashin mambobinsu, sun kuma saki wasu haƙƙoƙin da suka sha gwagwarmaya kafin su samu, abin da aka ƙiyasta ya kusa dala biliyan 5 a cikin shekara shida. Matuƙan jirgi kaɗai an rage musu kimanin kashi 15 cikin ɗari na albashi. Wato dai da kuɗin cefanen gidansu suka saya. Kuma da sharaɗi: ma'aikaci ba shi da ikon sayar da rabonsa sai ranar da ya bar aiki ko ya yi ritaya. Lokacin da farashin hannun jarin ya yi tashin gwauron zabi wajen 1997, attajiran waje da suka ga dama sun sayar sun kwashe ribarsu, shi kuwa makanike sai dai ya duba takarda ya ga an rubuta masa arziƙin da ba zai iya taɓawa ba. A majalisar daraktoci mai kujera 12, masu kashi 55 ɗin nan kujera 3 aka ba su. Ƙungiyar ma'aikatan cikin jirgi, masu raba abinci da kula da fasinja, ta dubi cinikin ta ce ba da ita ba. A lokacin an yi ta zarginta da taurin kai.

Shekarun farko an ji daɗi. Riba ta samu, ƙorafe-ƙorafe suka ragu, masu fashin zuwa aiki suka ragu. Amma da wa'adin ragin albashin ya cika a 2000, sai matuƙan jirgi suka tuna cewa kafin su zama masu kamfani, ma'aikata ne masu iyali. Suka nemi a mayar musu da abin da suka sadaukar, tattaunawa ta cije, suka daina karɓar aikin ƙarin awoyi. A tsakiyar wannan shekara aka soke tashin dubban jirage, fasinjoji suka yi ta kwana a filayen jirgi. Daga ƙarshe aka yi musu ƙarin da ya haura kashi 20 cikin ɗari. Mai karatu ya tsaya ya dubi wannan al'amari da kyau: mutanen da suka fi kowa jari a kamfani ne suka shaƙe shi don su karɓi albashi daga hannunsa. Ni ban ga laifinsu ba. Albashi yana zuwa ƙarshen wata, a biya kuɗin gida da na makarantar yara, shi kuwa hannun jarin da aka kulle sai bayan shekara ashirin alkawari ne kawai.

Sai kasuwa ta ja baya, sai harin 11 ga Satumban 2001, wanda biyu daga cikin jiragen da aka yi amfani da su na United ne. A watan Disamban 2002 kamfanin ya je kotu ya ce ba zai iya biyan basussukansa ba. Hannun jarin ma'aikata ya koma takardar tsire. A 2005 alƙali ya ba kamfanin izinin yada asusun fanshon ma'aikata, wanda yake da giɓin kusan dala biliyan 10, hukumar gwamnati mai inshorar fansho ta ɗauki wani ɓangare, sauran ya bi ruwa. Mutum ɗaya ya rasa albashin da ya sadaukar, ya rasa jarin da ya saya da shi, sannan fanshonsa ya ragu. Ma'aikatan cikin jirgin da aka ce masu taurin kai ne su ma guguwar ta taɓa su, amma aƙalla ba su yi shekara shida suna biyan kuɗin abin da ya ƙare a kwandon shara ba.

Za a ce ai harin 2001 ne ya kayar da kamfanin, wasu kamfanonin jirgin da ba na ma'aikata ba su ma sun durƙushe. Gaskiya ne. Sai dai hujjar tana nan daram, domin attajirin da yake da jari a United yana da shi a wasu wurare hamsin, asarar nan ɗaya ce daga cikin lissafinsa na shekara. Ma'aikaci kuwa dama can rayuwarsa a rataye take a wuyan kamfanin, tunda daga nan abincinsa yake fitowa. Duk wanda ya ce masa ya ƙara da ajiyarsa da tsufansa a wuri ɗayan nan, ya ninka masa haɗari ne, ko da da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Akwai tambayar da masu sha'awar wannan tsari ba su cika son a yi ba: yaushe ne mai kamfani yake tunawa da cewa ma'aikatansa sun cancanci mallaka? Wanda ya san kara ya san amsar. Ba a kai saniya mai nono a sayar da araha, sai ta kwanta ta kasa tashi ake aikawa a kira mahauci. A 1974, da Tony Benn ya zama ministan masana'antu a Birtaniya, ya ba da kuɗin gwamnati aka kafa kamfanonin ma'aikata guda uku a kan kufan waɗanda masu su suka gudu suka bari: masana'antar baburan Triumph a Meriden, wata masana'anta a Kirkby kusa da Liverpool, da jaridar Scottish Daily News a Glasgow. Jaridar, wadda ma'aikata suka zuba kuɗin sallamarsu a ciki, wata shida ta yi a 1975 ta mutu. Kirkby ta rufe a 1979. Meriden ta yi ta jan ƙafa har 1983. A Amurka, ma'aikatan ƙarafa na Weirton sun sayi masana'antarsu a 1984 bayan sun yarda da ragin kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da ake kashewa a kansu, suka kuma ɗaure kansu da alkawarin shekaru ba yajin aiki. Ta yi 'yan shekaru tana riba, ta karye a 2003. Ba wanda zai ce waɗannan mutane ragwaye ne. Sun yi aiki fiye da yadda suka taɓa yi wa kowane ubangida. Amma injinan da suka tsufa ba su san wane ne mai su ba, kasuwar da ta tafi kuma ba ta dawowa don an sauya suna a takardar rajista. Abin da ya fi ciwo shi ne, bayan an rufe, sai a riƙa ba da misali da su ana cewa ga shi nan an ba leburori kamfani sun kashe. Su kuwa lauyoyi da bankunan da suka shirya cinikin sun karɓi ladansu tun ranar sa hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, a ce kamfanin lafiyayye ne. Nan ne tsohuwar hujja take shigowa, wadda ta girmi duk waɗannan misalai. Tun a 1891 Beatrice Potter, wadda daga baya aka sani da Beatrice Webb, ta bi diddigin masana'antun da ma'aikata suka kafa wa kansu a Ingila, ta ga hanya biyu suke bi. Ko dai su karye, ko kuma, idan sun yi nasara, waɗanda suka kafa su rufe ƙofa, su riƙa ɗaukar sababbin zuwa a matsayin 'yan albashi, su zama ƙananan 'yan jari-hujja. Bayan 'yan shekaru Rosa Luxemburg a Jamus ta ƙara da nata: muddin kasuwa ce take yanke farashi, ma'aikatan da suka mallaki masana'anta dole su yi wa kansu abin da ubangida zai yi musu, su tsawaita awoyi, su rage albashi, su sallami wasu daga cikinsu idan ciniki ya faɗi. Bulalar ba ta ɓace ba, hannun da yake riƙe da ita ne ya sauya.

Mutanen nan biyu ba su jitu a kusan komai ba, ɗaya mai son gyara sannu a hankali, ɗaya mai son juyin juya hali, amma a nan bakinsu ya zo ɗaya. Kuma babban abin da ake kafa hujja da shi don ƙaryata su, wato Mondragon, idan aka matsa kusa sai a ga rabin maganarsu yake gaskatawa.

Mondragon gungun kamfanonin gama-kai ne a yankin Basque na ƙasar Sifen, wanda wani limamin coci, José María Arizmendiarrieta, da ɗalibansa suka assasa a 1956. Yau dubun-dubatar mutane ne suke ci a ƙarƙashinsa, yana da bankinsa da jami'arsa da asusun kula da lafiya da fansho. Nasara ce ta gaske, ba na musu. Amma a 1974, lokacin da ɗaruruwan ma'aikata a Ulgor, kamfanin farko na gungun, suka tafi yajin aiki a kan sabon tsarin auna matsayi da albashi, korar jagororinsu aka yi, babban taron mambobi kuma ya amince da korar. Dalilin da aka bayar a sauƙaƙe yake: mai abu ba ya yi wa kansa yaji. Ma'ana, ranar da ka zama mai kamfani, ranar ka ajiye makami ɗaya tilo da ma'aikaci yake da shi. Sannan da gasar duniya ta tsananta, Fagor, kamfaninsu mai ƙera firji da injin wanki, ya sayi masana'antu a Faransa da Poland, yana da wasu a Maroko da Sin. Ma'aikatan waɗannan wurare ba mambobi ba ne, ba su da ƙuri'a, 'yan albashi ne kamar na kowane kamfani. Da Fagor ya durƙushe a 2013, yawancin mambobin da ke gida an rarraba su a sauran kamfanonin gungun ko an yi musu ritaya da mutunci. Na waje kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Abin da Beatrice ta hango a ƙananan shagunan Ingila shi ne ya faru, sai dai wannan karon tsakanin ƙasashe.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar, kuma shi aka fi mantawa. Me ya sa ake kafa ƙungiyar ƙwadago tun farko? Don kada masu kamfanoni su riƙa gasa da juna da albashin ma'aikata. Idan duk masaƙun ƙasa suna biyan abu ɗaya bisa yarjejeniya ɗaya, wanda yake son ya fi ɗan uwansa sai ya nemi wata dabara, ya gyara injinansa ko ya kyautata kayansa, ba ya rage wa masaƙi abinci ba. Ƙarfin ƙungiya yana cikin cewa masaƙin wannan kamfani yana kallon na wancan a matsayin ɗan uwa. Mallaka tana warware wannan ƙulli. Ma'aikacin da yake da jari a masaƙarsa, rufewar masaƙar maƙwabta albishir ne gare shi, don kasuwarsu za ta dawo hannunsa. Idan ƙungiya ta kira yajin aiki na ƙasa baki ɗaya, shi lissafin asararsa zai fara yi. Idan ya yarda a rage masa albashi don ya ceci jarinsa, gobe mai kamfanin maƙwabta zai ɗauki wannan takardar ya ajiye a gaban nasa ma'aikatan ya ce ga abin da 'yan uwanku suka amince da shi. Haka ragin da aka yi da sunan mallaka yake yaɗuwa zuwa ga waɗanda ko hannun jari ɗaya ba a ba su ba. A cikin kamfanin ma kai yana rabuwa: a United, wanda aka ɗauka aiki bayan an gama rabon hannun jari a 2000 ba shi da komai, ga shi kuma yana aiki kafaɗa da kafaɗa da "masu kamfani".

Shugaban reshen ƙungiya kuma fa, wanda aka ba kujera a majalisar daraktoci? Da safe yana ɗakin taro an rantsar da shi a kan sirrin kamfani, doka ta ɗora masa kare muradin masu jari, ya ga takardun da suka nuna za a sallami mutum ɗari biyar. Da yamma yana gaban mambobi suna ce masa, "Kwamared, me ake ciki?" Idan ya faɗa ya ci amanar kujera, idan ya yi shiru ya ci amanar waɗanda suka zaɓe shi. Mutumin kirki ma wannan matsayi yana lalata shi, balle wanda dama idonsa yana kan alawus ɗin zama.

Wasu suka ce to kada a raba wa ɗaiɗaikun ma'aikata, ita ƙungiyar da kanta ta mallaka. Jamusawa sun gwada wannan fiye da kowa. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadagonsu ta mallaki banki, da kamfanin inshora, da jerin kantuna, da Neue Heimat, kamfanin gina gidaje mai ɗaruruwan dubban gidajen haya, wanda babu kamarsa a Yammacin Turai. A watan Fabrairun 1982 mujallar Der Spiegel ta fallasa cewa shugabannin kamfanin, har da babbansu Albert Vietor, sun daɗe suna azurta kansu ta wasu kamfanonin ɓoye da suke ba kwangila, masu haya kuma, waɗanda akasarinsu ma'aikata ne, su suke biya. Da aka buɗe littattafai sai aka tarar da bashin biliyoyin mak. A 1986 ƙungiyar ta sayar da kamfanin ga wani mai gidan burodi na Berlin a kan mak ɗaya tak, bankuna suka ƙi yarda, bayan 'yan makonni ta sake karɓarsa tana jin kunya. Kuɗin mambobi ne aka yi ta cike ramin da shi, mutuncin da aka zubar kuwa an daɗe ana nemansa. A Afirka ta Kudu, bayan 1994, manyan ƙungiyoyi sun kafa kamfanonin zuba jari. Johnny Copelyn na ƙungiyar ma'aikatan tufafi da Marcel Golding na ƙungiyar masu haƙar ma'adinai suka bar majalisa suka koma jan ragamar kamfanin HCI, wanda ya shiga harkar talabijin da gidajen caca da motocin bas na Golden Arrow a Cape Town. An samu riba, an biya wa 'ya'yan mambobi kuɗin karatu da ita, mutanen biyu kuma suka zama hamshaƙan attajirai. Amma duk ranar da direbobin bas suka shiga yajin aiki, suna fuskantar kamfanin da wata ƙungiyar ƙwadago take da babban rabo a cikinsa.

Sweden ta so ta bi ta hanyar doka. Shirin Rudolf Meidner, wanda ƙungiyar ƙwadago ta LO ta amince da shi a 1976, ya nemi a riƙa mayar da kashi 20 cikin ɗari na ribar manyan kamfanoni hannun jari a asusun ma'aikata, har wata rana su zama masu rinjaye. Masu kamfanoni suka tashi haiƙan, a ranar 4 ga Oktoban 1983 dubun-dubatar mutane suka yi zanga-zanga a Stockholm, abin da aka zartar daga ƙarshe ragaggen abu ne, gwamnatin da ta hau a 1991 kuma ta soke shi. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi a duniya ta kashe shekara goma sha biyar a wannan yaƙi, ta fito hannu rabbana, abokan hamayyarta kuma sun fi da haɗin kai.

Kada a ce na ɓoye inda abin ya yi kyau. A Wales, da gwamnati ta rufe mahaƙar kwal ta Tower a 1994, mahaƙa 239 suka haɗa fam 8,000 kowannensu daga kuɗin sallamarsu suka saye ta, suka koma aiki a Janairun 1995, suka riƙe ta da riba har kwal ɗin ya ƙare a 2008. Shekara goma sha uku na abinci ga garin da ba shi da wata madogara ba abin rainawa ba ne, kuma inda zaɓi ya zama tsakanin wannan da zaman banza, ni ma zan ce a saya. Sai dai wannan ceto ne na rami ɗaya, a Birtaniyar da take da ramuka kusan 170 shekara goma kafin nan. Abin da ya yi wa mutum ɗari biyu rana a lokacin tsanani ba shi ne manufar da ƙungiya mai mambobi dubu ɗari za ta gina makomarta a kai ba.

In kuwa murya ake nema a wajen yanke shawara, ba sai an saya ba. Dokar Jamus ta 1976 ta ba ma'aikatan duk kamfanin da ya haura mutum 2,000 rabin kujerun majalisar sa ido, duk da cewa shugaban majalisar, wanda yake fitowa daga ɓangaren masu jari, shi yake raba gardama idan ƙuri'a ta yi kunnen doki. A masana'antun kwal da ƙarafa tun 1951 suka sami irin wannan. Ba su ba da ko sisi daga albashinsu ba, ba su ajiye haƙƙin yajin aiki ba. Da ƙarfin ƙungiya da na siyasa suka karɓa. A kwatanta da ma'aikatan United da suka biya kusan dala biliyan 5 suka sami kujera 3 cikin 12.

Mai karatun da ya san Kakuri a Kaduna ba sai an yi masa dogon bayani ba. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa har suka rasu ba su karɓa ba. Masaƙar UNTL, wadda ta fi kowace girma, ta rufe a 2007. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injina da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika kasuwa su suka kashe su. A cikin waɗannan babu wanda takardar hannun jari a aljihun masaƙi za ta magance. Dukansu a teburin gwamnati ake warware su, kuma wanda zai iya tilasta wa gwamnati ta zauna a teburin nan shi ne ƙungiyar da take magana da yawun duk masaƙun a lokaci ɗaya.

Saboda haka ga kirana ga shugabannin rassa, musamman na kamfanonin da ake shirin cefanarwa ko waɗanda albashi ya fara makara. Ranar da manaja ya zo da fara'a ya ce maimakon bashin albashi da garatutin da kuke bi za a ba ku hannun jari ku zama abokan tarayya, ku nemi lauyanku ya karanta muku jerin yadda ake biyan masu bin bashi idan an rushe kamfani. A dokar kamfanoni ta Nijeriya, kamar ta yawancin ƙasashe, albashin ma'aikaci yana cikin basussukan da ake fara biya, mai hannun jari kuwa shi ne na ƙarshe, sai idan wani abu ya rage, kuma da wuya ya rage. Wanda ya karɓi wannan tayi ya bar gaban layi da ƙafarsa ya koma ƙarshensa. Ku ce a ba ku kuɗinku a hannu.